Kaye Ɗaya da Ake Bin Taubashina

A shekarar da annoba ta sa aka kulle ƙasar Faransa, aka rufe masallatai har muka yi azumi kowa na tarawihi a ɗakinsa, a shekarar ne taubashina ya rasu. Lokacin ina zaune a Vénissieux, gefen birnin Lyon, cikin ɗaya daga dogayen benayen Minguettes, ni da mai ɗakina da 'ya'yanmu. Aikina a wani babban sito ne na kayan abinci, muna jera kwalaye muna loda wa manyan motoci. Da yake ciki bai san annoba ba, mu ba a ce mu zauna gida ba. Kowace safiya sai in cika 'yar takardar nan mai nuna dalilin fita, in sa aljihu, in hau taram, jirgin cikin gari, wanda ba kowa cikinsa sai mutum biyu ko uku, kowa ya rufe hanci ya kau da kai. In je, in dawo. Daga bene sai sito, daga sito sai bene.

Taubashin nan nawa ɗan gwaggona ne, ƙanwar mahaifina. Na girme shi, amma tun muna yara ya fi ni ƙashi. Ni a zauren mahaifina na tashi, tsakanin allo da tawada, kuma har yau da ajami nake yi wa kwalaye alama a sito, don in tuna wanne zai bi wace mota. Shi kuwa fagen kokowa ne makarantarsa. Kamar yadda taubasai ke yi, kowannenmu cewa yake ɗan'uwan bawansa ne. In zai shiga fage sai ya tuɓe riga ya jefo mini, ya ce, "Bawana, riƙe wannan, iyakar nauyin da hannunka ke iya ɗauka ke nan." Ni kuma in ce, "Je ka. In an karya ka ai wurina za ka zo neman tofi."

Kokowa sana'arsa ce, ba wasan bayan girbi kawai ba. Ya daɗe yana wakiltar jaharmu ta Tawa, ƙasar Adar, a gasar ƙasa. Da ita ya yi aure, da ita ya gina wa gwaggo ɗakin siminti mai rufin kwano. Mutum ne mai faɗin kafaɗa, mai 'yar siririyar murya wadda ba ta dace da jikinsa ba. Amma in ya buɗe baki zai yi kirari, sai ka rantse wani ne ya shiga cikinsa. Da shekaru suka fara ja, ya shiga soja, kamar yadda 'yan kokowa da dama ke yi, don ya ce albashi ba ya ciwon gwiwa. Da fari kokowar ya ci gaba da yi da sunan rundunarsu. Da al'amura suka ɓaci can yamma wajen iyaka, shi da kansa ya nemi a tura shi. Na kira shi daga nan na yi masa faɗa.

Ya ce, "Haba bawana. Waɗanda muke cin tuwo kwano ɗaya suna can, ni ina nan ina shafa wa kafaɗa mai? Kai dai yi addu'a, ita ce aikinka."

Ita ce doguwar magana ta ƙarshe da muka yi.

Ana saura 'yan kwanaki a ga watan azumi, ina sito, ƙanen mahaifina ya kira ni. An kai wa sansanin su taubashina hari. An riga an rufe shi can tare da abokansa, ba wanda ya ga gawarsa cikin dangi. Na zauna kan wani kwali ina maimaita innalillahi, sannan na tashi na ƙarasa lodin motar, don direba na jira. Ba jirgi, ba hanya. Ko masallacin unguwa da zan je mutane su riƙe mini hannu, a kulle yake.

Ranar addu'ar uku aka taru a zauren gidanmu can gida, ƙanen mahaifina ya ɗora waya kan tabarma don in ji. Ina zaune a falonmu can sama, ina gane tarin tsofaffin da na sani ɗaya bayan ɗaya, har kukan akuya ina ji. Bayan an shafa fatiha, liman ya yi tambayar da aka saba yi: wa ya ɗauki nauyin bashin mamaci? Aka yi shiru. Ƙannensa ba su da komai, kowa ya sani. Shirun nan kuwa na san ni yake jira, ni da ke Turai. Na ɗaga murya na ce, "Ni ne. Na ɗauka."

Ba kunya kaɗai ta sa na faɗa ba. Tun muna yara muka karanta cewa wanda ya yi shahada ana gafarta masa komai in ban da bashi, kuma ran mumini a rataye yake da bashinsa har sai an biya. Ban wanke shi ba, ban ɗauki makararsa ba. Wannan ne ya rage da zan iya yi masa daga inda nake. Don haka a ranar na ɗauki muryata a waya na aika wa mutanen gida da 'yan ƙasarmu da ke nan Faransa, na ce duk mai bin marigayi wani abu, komai ƙanƙantarsa, ya neme ni. Wani tela ya nemo ni, da wani mai sayar da hatsi. Na sallame su, na ji sanyi a raina, na ɗauka an gama.

Azumi ya kama. Wata Lahadi bayan la'asar wata baƙuwar lamba ta kira ni. Murya ce mai kauri, Hausar Gobir. Muka yi doguwar gaisuwa, ya tambayi iyali, ya tambayi ibada, ya tambayi wannan zama da aka sa mu, ya yi mini gaisuwar rashi. Sannan ya ce daga Paris yake kira. Shi ma ɗan kokowa ne a da, daga wajen Maraɗi, yanzu yana yi wa wani Alhaji dakon dilolin tufafi a kasuwar Barbès.

Ya ce, "Malam, na ji saƙonka. Kai ne ka ce ka ɗauki bashin marigayi?"

Na ce, "Ni ne."

"Komai ƙanƙantarsa, ka ce."

"Haka na ce. Nawa ne?"

Ya yi wata 'yar dariya marar daɗi. "Ba a ƙirga shi. Kaye ɗaya nake bin sa."

Ya ba ni labarin a tsanake. Shekarun baya sun haɗu da taubashina a wata gasa, a shekarar kuwa ba wanda ya kai bayan Bagobirin ƙasa. Wani cikin masu rakiyar 'yan kokowa ya zubar da ruwan rubutu a gefen fage, wurin ya jiƙe ya yi santsi. Suna cikin kamu ƙafarsa ta faɗa wurin ta zame, taubashina ya bi shi ya kayar. Makaɗa suka ɗauka, fili ya rikice. Amma taubashina bai tafi rawa ba. Ya miƙa masa hannu ya tashe shi, ya kakkaɓe masa yashin baya, ya ce a gaban alƙali da makaɗa, "Bagobiri, ƙafarka ce ta kayar da kai, ba ni ba. Kana bi na ɗaya. Duk ranar da ka shirya, zo ka karɓa."

Ina ji na san maganar taubashina ce. Ba mai iya ƙaga masa ita.

Na ce, "Allah ya jiƙansa. Ai wannan maganar fage ce, ɗan'uwa. Ka yafe masa."

"Ban yafe ba."

"Bawan Allah, mutumin nan yana kabari."

"Na sani. Shi ya sa na kira wanda ya ce ya ɗauka. Ko kuwa maganar malamai ma ta fage ce?"

Ya yi mini sallama da ladabi, ya ce a gaida iyali, ya kashe.

Gidan bene ba ya ɓoye magana. Mai ɗakina na madafa tana dama kunun shan ruwa, ta leƙo ta ce, "Wane ne? Me ya ce yana bi?"

Na ce, "Kokowa."

Ta yi dariya har ta dafa bango. Da ta ga fuskata sai ta daina. "Malam, da gaske kake? Kai da murfin kwalba in ya ƙi buɗuwa ni kake miƙo wa?"

"Na ce komai ƙanƙantarsa."

"To ai wannan ba ƙarami ba ne. Sai ka ce masa bai shiga ciki ba."

Washegari na kira wani malami mutumin Damagaram, wanda ke ja mana salla kafin a rufe masallaci. Ya saurara har na gama, ya ce a shari'a wannan ba bashi ba ne da ake fitarwa daga dukiyar mamaci. Na fara jin sauƙi. Sai ya ƙara da cewa amma alkawari ne da mamacin ya ɗauka da bakinsa gaban shaidu, har shi da kansa ya kira shi bashi, haƙƙin da ke tsakanin bawa da bawa kuwa mai shi ne ke sauke shi. Ya ce in lallashe shi.

Na ce, "In ya ƙi fa, Malam?"

Ya ce, "To. Magana zarar bunu ce. Ni dai ba ni na sa ka faɗa ba."

Na kira Bagobirin na lallashe shi da duk abin da na sani na nasiha. Da na ga bai motsa ba, na ce ya faɗi abin da zan aika masa a madadin kayen. Sai ya ce, "Malam, ni ɗan dako ne, bayana nake sayarwa kullum. Amma ba wannan bayan ba." Ya kashe. Kwanaki bai ɗauki kirana ba.

Daga baya shi ya kira da kansa, kamar ba abin da ya faru. Daga nan abin ya zama al'ada. Bayan la'asar, lokacin da yunwa ke danne mai azumi kuma rana ta ƙi faɗuwa, sai wayata ta yi ƙara. In tsaya bakin taga ina kallon filin ajiye motoci da ba kowa, shi yana magana.

A nan na san yadda yake zaune. Ɗakin da yake kwana a Saint-Denis su da yawa ne ciki, gado bisa gado, taga ɗaya mai kallon bangon wani gini. Ba shi da takardun zama. Kasuwa a rufe, 'yan sanda kuma na tsaye kan hanyoyi suna tambayar takardar fita, shi kuwa in aka tambaye shi ta farko za a tambayi ta biyu. Don haka tun da aka kulle gari bai taka ƙofar waje ba. Ya ce shi wannan kulle ba baƙonsa ba ne, tun da ya sauka ƙasar nan a kulle yake, yanzu dai ɗakin ne ya ƙara matsewa. Ya baro gida ne ba da daɗewa ba bayan wannan kaye, da gwiwa ta fara damunsa aka ce masa akwai aiki a Turai. Mahaifinsa ya rasu bai je ba, don in ya fita ba ya da hanyar dawowa. 'Yar da ya bari tana rarrafe, yanzu ita ke karanta wa uwarta saƙonninsa.

Abin da ban sani ba shi ne, duk Salla taubashina na kiransa. Sai ya ce, "Bagobiri, bashinka na nan yana tsufa. Yaushe za ka zo ka karɓa?" Shi kuma ya ce, "In takardu sun fito." Taubashina ya ce, "To ka yi sauri, kafin mu koma kokowa da sanda a hannu." Bagobirin ya ce mini duk masu kiransa daga gida tambayarsu ɗaya ce, yaushe zai aiko. Mutum ɗaya ne ke tambaya yaushe zai zo.

Kokowar nan kuwa ya ba ni labarinta har na haddace ta kamar karatun allo. Inda hannunsa na dama yake, inda taubashina ya sa kai, irin kiɗan da ake yi, wanda ya zubar da ruwan. Wata rana ya ce da ƙafar ba ta zame ba da ya gama da shi, wata rana kuma ya ce Allah kaɗai ya sani, don yaron nan dutse ne. In mun zo sallama sai in ce, "Ka yafe?" Ya ce, "A'a, Malam. A sha ruwa lafiya."

Ni kuwa abin ya tsaya mini a rai. In na yi sujada zan roƙa wa taubashina gafara, sai in gan shi tsaye bakin wata ƙofa da kakinsa, bai shiga ba, yana waige yana nemana. Na san zuciya na iya zana wa mutum abin da babu, na kuma san rahamar Allah ta fi ƙarfin kaye ɗaya. Amma ni na ce na ɗauka, a zauren mahaifina, tsofaffi na ji. Ga shi ba ni da ikon zuwa Paris, shi ba shi da ikon fita daga ɗaki, wanda ake bi kuma yana inda ba a dawowa.

A sito na lura na daina neman amalanke in kwali bai cika girma ba. Sai in rungume shi in ɗaga, in ji inda nauyin ke sauka a ƙafafuna. Shugaban aikinmu ya tambaye ni ko na gaji da bayana ne nake son in rabu da shi. Mai ɗakina kuwa, sai na ga ta ƙara mini nama a kwanona na sahur.

Ranar Salla muka yi idi a falo, ni gaba, iyali baya, tsakanin kujera da talabijin. Bayan mun shafa na kira gwaggo. Muryarta ta ƙanƙance. Ba ta yi kuka ba, tambaya ɗaya ta yi.

"An biya masa duka?"

Na ce, "Saura ɗaya, Gwaggo."

"Mai yawa ne?"

"Mai nauyi dai."

Ta ce, "Ka biya masa, ɗana. Kada a bar shi tsaye."

An sassauta kulle a lokacin, amma an ce kada kowa ya yi nisa da garinsa, Paris kuwa ta wuce iyakar da aka yanka mana. Muka ƙara jira. Da aka buɗe hanya na nemi hutun wata Asabar, na shirya da sassafe. Mai ɗakina ta tura mini kwalbar man zafi cikin jaka, ta ce, "In ka karye kada a kira ni. A kira Bagobirin ya yi jinya." Ta raka ni har bakin ƙofa, abin da ba ta saba yi ba.

Daga jirgin ƙasa na shiga metro, jirgin cikin birnin Paris, har Barbès, inda kasuwa ke ci ƙarƙashin gadar da jirgi ke bi ta sama. Bagobirin ne ya gane ni. Na zaci ƙato zan gani. Mutum na gani matsakaici, mai kaurin wuya, yana ɗan ɗingishi. Da ya sauke ƙyallen hanci na ga zanen Gobirawa a kumatunsa da furfura a gemu. Muka gaisa daga nesa ba musafaha, don an hana, mu da muka haɗu don mu rungumi juna mu kayar.

Ya kai ni shagon Alhajin da yake yi wa aiki, wani dattijo mai fara'a, shi ma mutumin Maraɗi. Ya riga ya san zancen. Ya dube ni sama da ƙasa, ya ce, "Malam, ka dai bar wasiyya ko?"

Na ce, "Alhaji, bashi ya kawo ni."

Ya ce, "Ni tun da nake bin mutane bashi a kasuwar nan, ban taɓa ganin wanda ya hau jirgi ya kawo kansa ba. Wallahi sai na gani da idona." Ya bar wa maƙwabcinsa shago, ya kira wani abokin ɗakin Bagobirin, don a cika shaidu biyu.

A metro na zuwa Saint-Denis Bagobirin bai zauna ba. Ya tsaya bakin ƙofa da wata leda a hammata, duk tashar da muka tsaya sai ya bi dandamali da ido daga wannan gefe zuwa wancan, sannan ya sauke numfashi. Ba wanda ya tsayar da mu.

Inda ya kai mu wani filin wasanni ne na unguwa. A gefensa akwai ramin yashi inda masu tsalle ke dira. Ya ce tun shekarar da ya zo ya ga ramin nan, in ya biyo ta wurin sai ya tsaya ya dube shi ta cikin shinge. Duk garin, nan kaɗai ya ga yashi mai kama da na gida. Hantsi ne, wasu 'yan tsiraru na gudu suna kewaya fili.

Ya buɗe ledar ya fito da ɗamararsa ta kokowa, fata ce mai layu, ta bushe ta tsattsage. Ya zagaya ta a ƙugu, ta ƙi haɗuwa. Ya shanye ciki, ta ƙi. Alhaji ya ce, "Ka ga aikin burodin Turawa," ya laluba aljihu ya ba shi guntun igiyar dila, da ita aka ƙarasa ɗaurin. Ni kuma na tuɓe takalmi, na naɗe ƙafar wando, na cire riga. Na juya ina neman inda zan ajiye ta, Alhaji ya miƙo hannu ya karɓa. Tun da nake, ni ke karɓar riga a bakin fage. Ranar ce na fara miƙa tawa.

Na shiga yashi. Bagobirin bai shigo ba. Ya ce, "Kirari fa?"

Na ce, "Wane kirari kuma?"

"Ba da kai zan yi ba, Malam. Da shi zan yi. In ba a yi kirarinsa ba, bai zo ba."

Kirarin kam na san shi, na sha jin sa ina rungume da riga. Amma ni ban taɓa ɗaga murya cikin mutane ba in ba kiran salla ba. Na dubi benayen da ke kewaye da mu, na dubi masu gudu. Na yi bisimilla a zuci, na ɗaga hannu ɗaya kamar yadda yake yi.

"Ni ne rijiyar Adar, mai gajeruwar igiya ya kwana da ƙishi! Dutsen tsakar gona, manomi kewaya ka wuce! Na tsohuwa, bayana bai san ƙasa ba sai ranar da za a rufe ni!"

A nan muryata ta karye. Alhaji ya daina murmushi. Bagobirin ya sunkuya ya ɗebi yashi ya murza a tafin hannu, ya shigo.

Muka kama. Hannuwansa suka zagaye ƙuguna kamar an ɗaure ni da igiyar guga. Nan take na san in ya so, kafin in ƙifta ido an gama. Bai yi ba. Ya kifa goshinsa a kafaɗata ya tsaya. Ina jin numfashinsa, ina jin gwiwarsa mai ciwo na rawa jikin tawa. Muka daɗe haka. Masu gudu biyu suka tsaya suna kallo. Can na ji kafaɗata ta jiƙe, kuma ba gumi ba ne.

Tsoro ya kama ni, ba na faɗuwa ba. Na ji tsoron ya sake ni ya ce a bari sai wata rana, ko ya durƙusa da gangan don ya girmama malami, mu koma inda muka fito. Na sa baki a kunnensa na ce, "Bagobiri, ban zo karɓar sadaka ba. In ka yi mini alfarma, bashi na nan."

Na tattara duk ƙarfin da kwalayen sito suka ba ni na tura. Allah shaida, ya ja da baya taki ɗaya. Na ji ya yi wani gurnani mai kama da dariya, ya ce, "Yauwa, ka zo ke nan." Abin da ya biyo baya ban san yadda aka yi shi ba. Ƙafafuna dai suka bar ƙasa, na ga sama, na ga kan benaye a juye, bayana ya daki yashi, numfashi ya fita ya bar ni.

Ina kwance ina neman iska, na gan shi tsaye kaina yana haki, ɗamarar ta kwance ta rataya a gefe. Bai ɗaga hannu ba, bai yi kirari ba. Ya miƙo mini hannu ya tashe ni. Ya juya ni, ya shiga kakkaɓe mini yashin baya a hankali, tun daga kafaɗa har ƙugu, bai bar ko ina ba.

Sannan ya fuskanci mutanen nan biyu, ya share fuska da bayan hannu, ya ce, "Alhaji, ku shaida. Na karɓa. Ba na bin sa komai, duniya da lahira."

Suka ce, "Mun shaida."

Muka zauna nan bakin ramin, mu huɗu, muka yi wa taubashina addu'a, shi da waɗanda aka rufe su tare. Da muka shafa, Alhaji ya miƙo mini rigata.